Wa ke biyan lauyoyi idan rigima ta tashi a kotun karayar arziki ta Amurka?

Idan kamfani ko mutum ya karye a Amurka, bashi ya fi ƙarfin abin hannunsa, har maganar ta kai gaban kotun tarayya da aka keɓe domin shari'o'in karayar arziki, waɗanda ake fara sallama daga abin da ya rage su ne lauyoyi da akantoci da masu ba da shawara da za su tafiyar da shari'ar, kafin a waiwayi yawancin masu bin bashi. A shari'ar yau da kullum mutum biyu ne ke jayayya, kowa da aljihunsa. A nan kuwa aljihu ɗaya ne ake kewaye da shi, kuma tun kafin alƙali ya zauna kowa ya san abin da ke cikinsa ba zai ishi jama'a ba. Saboda haka duk dalar da ta tafi wajen lauya, daga rabon wani aka zare ta, kuma sau da yawa wanda aka zare wa ɗin bai ma san an yi zaman ba.

Tushen maganar wata ƙa'ida ce da Amurka ta rabu da Ingila a kanta tun da daɗewa. A Ingila abin da aka saba shi ne wanda ya faɗi shari'a ya ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin da abokin shari'arsa ya kashe, har da ladan lauya, kuma daga can ne kotunan Najeriya da Ghana suka gaji al'adar ɗora kuɗin shari'a a kan wanda aka kayar. A Amurka kowa shi ke biyan lauyansa, ya ci ko ya faɗi. Kotun Ƙolin ƙasar ta nuna haka tun a 1796, sannan ta jaddada shi a 1975 a shari'ar kamfanin bututun mai na Alyeska, inda ta ce alƙali ba shi da hurumin ɗora wa wani ladan lauyan abokin hamayyarsa don kawai yana ganin hakan ya dace. Sai dai idan akwai dokar da ta faɗi haka a fili, ko yarjejeniyar da ɓangarorin suka sa wa hannu, ko kuma wani ya yi wasa da kotu da mugun nufi. Ƙananan kuɗaɗe irin na rajistar ƙara da kwafar takardu ana iya mayar wa wanda ya yi nasara, amma waɗannan ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da ladan lauya.

Wannan ƙa'ida tana aiki a kotun karayar arziki kamar yadda take aiki a ko'ina, illa dai a nan tana haifar da wani sakamako na daban. Da zarar an shigar da takardar neman kariyar kotu, dukiyar wanda ake bi bashi takan koma wata dukiya mai zaman kanta a idon doka, wadda ake riƙe da ita domin masu bin bashi. Mai karatun da ya san rabon gado a fiƙihun Malikiyya ba zai sha wahalar gane jerin ba: daga abin da mamaci ya bari ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar kayan da aka jinginar, sai kuɗin likkafani da jana'iza, sai basussuka, sai wasiyya, sannan magada. Dokar karayar arziki ta Amurka, wadda aka kafa a 1978, kusan haka ta jera su. Mai jingina a hannu yana da haƙƙi a kan kayan jinginarsa. Bayansa, in ban da haƙƙin ciyar da 'ya'ya ko tsohuwar mata da doka ta ɗaga sama a 2005, sai kuɗin gudanar da shari'ar, wanda ladan lauyoyi yake ciki. Sai albashin ma'aikata zuwa wani adadi, sai wasu haraji, sai masu bin bashi marasa jingina, sannan a can ƙarshe masu hannun jari, in har wani abu ya saura.

Abin da wannan jeri ke nufi a aikace shi ne, cewar da ake yi kamfanin da ya karye shi ke biyan lauyansa magana ce ta takarda. Kamfanin ba shi da kuɗin kansa kuma, kuɗin masu bin bashi ne a hannunsa. A ƙarƙashin Babi na 11 na dokar, wanda ake bi idan ana son a sake tsara kamfani ya ci gaba da aiki, daga wannan dukiya ake biyan lauyoyin kamfanin, da bankunan da ke ba shi shawara, da lauyoyin kwamitin masu bin bashi marasa jingina, da mai binciken da kotu za ta iya naɗawa. Idan kamfanin da kwamitin suka kai ruwa rana a kan wata magana, lauyoyin ɓangarorin biyu daga wuri ɗaya suke karɓar lada. Kuma doka ta ce ba za a amince da tsarin farfaɗo da kamfani ba sai an biya waɗannan kuɗaɗe cif-cif, sai dai in masu su sun yarda da ragi.

Adadin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Bankin Lehman Brothers, wanda ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008 da kadarorin da suka haura dala biliyan 600, ya kashe fiye da dala biliyan 2 a kan lauyoyi da sauran ƙwararru. Kasuwar kuɗin kirifto ta FTX, wadda ta shiga kotun jihar Delaware ranar 11 ga Nuwamba 2022, kuɗin ƙwararrunta ya doshi dala biliyan 1, inda manyan lauyoyi ke cajin fiye da dala 2,000 a awa guda. Ba a rasa hujjar kare wannan ba. Kafin 1978 kotuna sukan matse ladan lauyoyi a irin waɗannan shari'o'i da sunan tattali, abin da ya sa ƙwararru ke guje musu, sai majalisa ta ce a biya su daidai da abin da za su samu a wani aikin makamancinsa. A FTX ɗin ma, waɗanda aka biya maƙudan kuɗin su ne suka bi sawun dukiyar da ta warwatse a kamfanoni fiye da ɗari, har tsarin da kotu ta amince da shi a Oktoba 2024 ya yi alkawarin mayar wa yawancin masu ajiya fiye da abin da aka rubuta musu, duk da cewa an ƙiyasta ajiyar tasu ne da farashin ranar da kamfanin ya faɗi, lokacin da Bitcoin ke ƙasa da dala 17,000. Amma akwai shari'o'in da ba su ƙare da daɗi haka ba. Lokacin da kamfanin kayan wasan yara na Toys "R" Us ya rufe shagunansa na Amurka a 2018, ma'aikata fiye da 30,000 ne suka rasa aiki ba tare da kuɗin sallamar da suka sa rai ba, alhali ƙwararrun da suka tafiyar da shari'ar sun karɓi miliyoyin daloli, sai daga baya biyu daga cikin kamfanonin da suka mallake shi suka kafa asusun dala miliyan 20 domin ma'aikatan bayan matsin lamba mai yawa.

Doka ba ta bar ƙofar a buɗe ba. Lauya ba zai fara aiki da kuɗin wannan dukiya ba sai kotu ta amince da ɗaukarsa, kuma sai ya nuna ba shi da wata alaƙa da za ta raba masa hankali biyu. Sashe na 330 na dokar ya ce abin da za a biya shi ne lada mai ma'ana a kan aikin da aka yi da gaske kuma ya zama dole, don haka lauyoyi kan miƙa takardu masu kauri da ke nuna abin da kowannensu ya yi, ana lissafin lokaci da minti shida-shida. Akwai ofishi a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a da aikinsa ya haɗa da duba waɗannan takardu da ƙalubalantar abin da ya ga ya wuce kima, kuma tun 2013 ya tsaurara sharuɗɗa a kan manyan shari'o'in da kadara da bashi kowanne ya kai dala miliyan 50. A shari'o'i mafiya girma alƙali kan naɗa mutum na musamman ya tace kuɗin.

To idan aka ƙalubalanci lauya a kan ladansa, ya ɓata watanni yana kare kansa, wa zai biya wannan lokacin? Wannan tambaya ce ta kai Kotun Ƙoli a shari'ar kamfanin haƙar tagulla na ASARCO, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanin ya shiga kotu a 2005 cikin mawuyacin hali. Lauyoyinsa, ƙarƙashin jagorancin ofishin Baker Botts, suka kai ƙarar uwar kamfanin bisa zargin ta kwashe masa hannun jari mai daraja na wani kamfanin tagulla da ke aiki a Peru, suka kuma yi nasarar samun hukuncin da aka ƙiyasta darajarsa tsakanin dala biliyan 7 zuwa 10. A 2009 kamfanin ya fita daga kotu an biya kowane mai bin bashi haƙƙinsa gaba ɗaya, abin da ba kasafai ake gani ba. Sai dai kamfanin ya koma hannun uwar tasa, wato wadda aka kayar, ita kuma ta sa aka ƙalubalanci ladan lauyoyin da suka kayar da ita. Alƙali ya ba su kusan dala miliyan 120 na aikinsu, da ƙarin kusan miliyan 4 saboda ƙwazo, da kuma fiye da miliyan 5 na lokacin da suka ɓata wajen kare ladan. A kan wannan miliyan 5 ɗin aka yi ta ɗaukaka ƙara. A Yuni 2015 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ce ba za a biya ba. Mai shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa doka ta yi maganar aikin da aka yi wa dukiyar ne, kuma lauyan da ke faɗa domin ladansa kansa yake yi wa aiki. Mai shari'a Stephen Breyer da waɗanda suka goya masa baya sun ga cewa hakan zai rage wa lauya ladansa na gaskiya, tunda sai ya kashe daga ciki kafin ya karɓa. Lauyoyi sun gwada zagaye hukuncin ta hanyar rubuta sharaɗin a takardar ɗaukarsu aiki, amma a 2016 wata alƙaliya a Delaware ta ƙi amincewa da hakan.

A ganina masu rinjaye sun yi daidai, duk da cewa a wannan shari'ar lauyoyin sun yi aikin da ya cancanci yabo, kuma mai ƙalubalantarsu yana da tsohon haushi. Da an yanke akasin haka, duk mai bin bashin da ya ɗaga murya a kan tsadar lauyoyi zai san cewa kuɗin mayar masa da martani daga rabonsa zai fita, sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Babban ofishin lauyoyi yana iya sa wannan haɗari cikin farashinsa na awa, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ba shi da inda zai sa nasa.

Wannan ƙaramin ɗan kasuwa shi ne wanda tsarin ya fi danne wa. A ƙaddara wani mai ƙaramar masana'anta yana kai wa babban kamfani kaya a kan bashi. Kamfanin ya biya shi dala 40,000 na tsohon bashi wata biyu kafin ya karye, saura dala 60,000 ba a biya ba. Bayan shekara ɗaya da rabi, yana jiran abin da zai samu daga ragowar, sai ga wasiƙa daga lauyan mai riƙon dukiyar, wato wanda ke kula da ita a madadin masu bin bashi, cewa ya mayar da 40,000 ɗin, domin sashe na 547 ya ba da damar ƙwato kuɗin da aka biya wani mai bin bashi cikin kwana 90 kafin shiga kotu, don kada a fifita shi a kan sauran. Mai yiwuwa yana da kariya mai ƙarfi, misali cewa biyan ya zo ne yadda suka saba hulɗa, ko kuma ya sake kai sabon kaya bayan an biya shi. Amma tabbatar da hakan yana buƙatar lauya, sau da yawa a wata jiha mai nisa, kuma ko ya yi nasara babu mai mayar masa da abin da ya kashe. Lauyan da ke ƙararsa kuma daga dukiyar da shi ma yake da rabo a ciki ake biyansa. Shi ya sa mafi yawan irin waɗannan ƙararraki ba sa kaiwa gaban alƙali: mutum kan zauna ya yi lissafi, ya ga biyan wani kaso ya fi masa sauƙi a kan faɗan da zai ci shi ko da ya ci nasara. Gyaran da majalisa ta yi a 2019 ya wajabta wa mai shigar da ƙarar ya yi bincike gwargwado, ya kuma yi la'akari da kariyar da wanda ake ƙara yake da ita, sai dai bai taɓa maganar wa zai biya lauya ba. Akwai sashen da ya ba da damar mayar wa mai bin bashi kuɗin lauyansa idan ya ba da gudunmawa mai girma ga shari'ar baki ɗaya, amma kotuna sun ƙuntata fassararsa ƙwarai, kuma wanda ya kare muradinsa kawai ba ya shiga ciki.

Mai jingina yana cikin wani hali na daban. Idan darajar kayan jinginar ta fi bashin, sashe na 506 ya ba shi damar ɗora ruwa da ladan lauya mai ma'ana a kan bashin, muddin yarjejeniya ko dokar jiha ta tanadi haka, kuma bankuna ba sa mantawa da rubuta wannan sharaɗi. Idan kuwa kusan duk kadarorin kamfani suna ƙarƙashin jingina, kamar yadda ya zama ruwan dare a yau, lauyoyi kan nemi bankin ya ware musu wani kaso tun farko, in ba haka ba babu mai taɓa aikin. Ga mai bin bashi mara jingina wanda yarjejeniyarsa ta ce za a biya masa lauya, Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofa a 2007 a shari'ar kamfanin inshora na Travelers da kamfanin wutar lantarki na PG&E da ke Kalifoniya, inda ta soke wata ƙa'idar da kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ta ƙirƙira ta hana irin wannan buƙata. Sai dai abin da ya samu shi ne damar ƙara kuɗin a kan bashin da yake bi, kuma idan ana raba senti 10 a kan kowace dala, senti 10 zai samu a kan kuɗin lauyan ma.

Wuraren da doka ta juya ƙa'idar, ta ce wanda ya yi laifi ya biya, kaɗan ne, kuma yawancinsu kariya ce ga wanda ake bi bashi. Daga lokacin da aka shigar da takarda, doka ta haramta wa kowa ci gaba da neman bashinsa, ko ƙwace mota, ko riƙe albashi. Wanda ya san da shari'ar ya keta wannan hani da gangan, sashe na 362 ya ce zai biya mutumin da ya cutar diyya har da ladan lauya, wani lokaci da tara ta ladabtarwa. Haka kuma idan kamfanin katin bashi ko wani mai ba da rance ya yi ƙarar cewa mutum ya ci bashin amfanin gida ne ta hanyar yaudara, don haka kada a yafe masa, sai ya faɗi kuma aka ga ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja tun farko, sashe na 523 ya ce ya biya lauyan wanda ya zarga. Dalilin a fili yake: ba don wannan ba, barazanar ƙara kaɗai ta isa ta sa talaka ya amince da biyan bashin da doka ta riga ta sauke masa. Masu bin bashin da suka haɗa kai suka ja wanda suke bi bashi zuwa kotun karayar arziki ba da son ransa ba, aka kuma kori ƙarar, su ma ana iya ɗora musu kuɗin lauyansa, da diyya in an ga mugun nufi. A ɗaya gefen, Kotun Ƙoli ta yanke a 1998 cewa wanda aka tabbatar ya yi zamba ba za a yafe masa bashin ba, har da ladan lauyan da wata doka ta ɗora masa saboda zambar.

Mutum ɗaya wanda ba kamfani ba, matsalarsa tana farawa ne tun daga bakin ƙofa. Kuɗin shigar da takarda a Babi na 7, inda ake sayar da abin da doka ba ta kare ba a yafe sauran bashin, dala 338 ne, kuma wanda samunsa bai kai kashi 150 cikin 100 na ma'aunin talauci ba yana iya neman a ɗauke masa. Ladan lauya ne ba a ɗaukewa. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a biya lauyan mutum daga dukiyar da ke hannun mai riƙo a Babi na 7 ba, kuma idan lauyan ya yarda a biya shi daga baya, alkawarin da aka yi masa kafin shiga kotu yana iya shiga cikin basussukan da za a yafe. Saboda haka lauyoyi kan nemi kuɗinsu a hannu, wanda yakan haura dala 1,000, daga mutumin da rashin kuɗi ne ya kawo shi. Wanda bai iya tarawa ba yakan faɗa Babi na 13, inda ake biyan lauya kaɗan-kaɗan cikin tsarin shekara 3 zuwa 5, amma ladan ya fi tsada, kuma da yawa ba sa iya kai tsarin ƙarshe, sai a kori shari'ar bashin yana nan, kuɗin da suka zuba kuma wani kaso ya riga ya tafi wajen lauya.

Wannan magana ta shafi mutanen da ke nesa da Amurka fiye da yadda ake zato, domin faɗuwar FTX ta rutsa da 'yan Najeriya da dama da suka ajiye kuɗi a ciki, kuma duk ɗan kasuwar da ke tura kaya ga wani kamfanin Amurka a kan bashi yana iya wayar gari ya ga sunansa a jerin masu bin bashi. Shigar da takardar neman haƙƙi ba ya buƙatar lauya kuma babu kuɗin rajista, a manyan shari'o'i ma ta intanet ake cikewa, sai dai akwai ranar rufewa da kotu ke tsayarwa, wadda in ta wuce haƙƙin kan salwanta. Akwai kuma abin da ya kamata a auna kafin sa hannu: wanda ya shigar da takardar ya miƙa kansa ga ikon wannan kotu, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 1990 cewa idan daga baya aka yi ƙararsa ya mayar da kuɗin da aka biya shi cikin kwana 90 ɗin nan, alƙalin kotun karayar arziki ne zai yanke hukunci shi kaɗai, ba tare da masu taya alƙali yanke hukunci ba. Doka ta kuma ba da damar a dakatar da rabonsa gaba ɗaya har sai ya mayar da abin da aka tabbatar yana kansa.